Damina Biyun da Na Yi Ina Duba wa Yaya Baƙin Mai

Ku matso, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Ni ban yi boko ba. Biro yana hannun jikata, baki kuwa nawa ne. Zancen yayana zan yi, wanda muka rufe bayan girbin dawa, don kada ƙasa ta ci shi ta haɗa da labarinsa.

Kwana uku da binne shi, gidanmu na nan Zuru ya cika har bakin hanya, kowa da irin nasa kukan. Tsofaffin sojoji huɗu, abokan aikinsa, suka jeru a gaban ɗakinsa suka sara wa ƙofa. Matan zumuntar coci suna waƙa a ƙarƙashin mangwaro har murya ta dushe. Wani makiyayi ya zo daga wajen Bena da ƙwaryar nono, ya ajiye, ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Shi ya kai matata asibiti ranar da haihuwa ta zo da gardama." 'Yan kabu-kabu kuwa kuka da dariya suka haɗa. Ɗaya ya ce, "To yanzu wa zai tare mu a hanya ya ce mu buɗe geji mu duba baƙin mai?" Wani ya amsa, "Ai ni sau uku Baba Soja yana sauke mini fasinja."

Ana cikin haka sai babban ɗan mamacin, wanda shi ma soja ne, ya zo daga bariki can kudu, ya ce zai je Ribah ya ɗauko wata tsohuwar 'yar'uwarmu da ta rasa abin hawa. Ya nufi mashin ɗin ubansa da ke jingine a gindin bango, ya ɗora ƙafa zai tayar.

Na ce, "Dakata!"

Ban san muryata ta kai haka ba. Waƙa ta tsaya. Na miƙe da sandata, na ce a turo mashin kan dakalin suminti da ke ƙofar rumbu, a ɗora shi kan ƙafar tsakiya. Na ciro farin tsumma daga ƙarƙashin kujerarsa, na durƙusa, na kwance murfin baƙin mai.

Matar fasto ta riƙe haɓa. "Mama, yaushe kika zama bakanike?"

Ɗan ya ce, "Gwaggo, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?"

Na ce, "Zauna, ɗana. Ribah ba za ta gudu ba. Akwai abin da ubanka ya hana ni faɗa maka, yau kuwa igiyar ta kwance."

Abin da na faɗa musu a ranar, shi zan faɗa muku.

Yaya ya sayi mashin ɗin nan ne bayan ya bar soja. Gwiwarsa ta dama ta lalace tun a wurin aiki, gonarsa kuwa tana bayan dutse, ta hanyar Ribah, tafiyar da mai gwiwa ɗaya ba zai iya ba. Mashin ya zama ƙafarsa. Ni a lokacin maigidana ya rasu, na dawo gidan ubanmu, ɗakina yana kallon rumbu. Saboda haka kowace safiya, ina tankaɗe ko ina hura wuta, abin yana faruwa a gaban idona.

Gidanmu a kan gangare yake, kun sani. In ka ajiye ƙwarya ba ka tokare ta ba, sai ka tsince ta a gidan maƙwabta. Dakalin rumbu ne kaɗai wurin da yake daidai. Nan yake turo mashin. Sai ya tayar da shi ya ɗan yi ɗumi, ya kashe, ya tsaya kamar tsawon gaisuwar mutum biyu masu mutunci. Sannan ya kwance murfin. A jikin murfin akwai ɗan tsinke, tsawon yatsa, ƙarshensa da zane-zane kamar saƙar faifai. Shi ne geji. Sai ya goge shi tas da tsumma, ya mayar, ya sake cirowa, ya ɗaga sama wajen haske, ya karkata kai yana kallo kamar mai duban jinjirin wata.

Ni kuwa tun ina yarinya Allah ya yi ni da tambaya. Uwarmu takan ce da tambaya na fito, kafin kuka.

Na ce, "Yaya, me ya sa kake goge na farko? Ba shi ne man ba?"

Ya ce, "Auta, na farko labarin jiya ne. Ni na yau nika so."

"To me ya sa ba ka murɗa murfin in ka mayar?"

"In na murɗa, ya nutsa fiye da ƙima, sai ya ce mini akwai abin da babu."

"In ka bar shi a jingine fa, kan ƙafar gefe?"

Ya yi dariya. "Mashin ba ya ƙarya, sai in ka tambaye shi a karkace."

Wata rana na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, fetur dai na ga ana zubawa, yana ƙonewa, an yi tafiya. Wannan baƙin kuma ina yake zuwa, tunda ban ga ya zuba a ƙasa ba? Ya ce fetur tuwo ne, baƙin mai kuwa jini ne. Mai yunwa yakan tsaya a hanya a ba shi abinci ya tashi. Wanda jininsa ya ƙare kuwa sai dai a ɗauke shi. Ya ce inji yana lasar man kaɗan-kaɗan, yadda tukunyar ƙasa ke shan miya ba a ga ta yoyo ba. Yakan murza man tsakanin yatsu, ya sunsuna. In ya ji ƙauri ko ya ji kamar da yashi a ciki, ranar sai juye.

Doka ɗaya gare shi wadda ko gobara ba ta karya ta: in ba a duba mai ba, ba ya hawa. Ranar matar makiyayin nan ma, mijin yana tsalle yana salati, Yaya sai da ya duba. Ya ce, "Gara in ɓata minti biyu a gida da in kwana da mai naƙuda a daji."

Haka muka yi shekaru. Sai wata safiya a farkon damina ya ɗaga geji sama, ya daɗe, ya juya shi nan, ya juya shi can. Ya ce, "Auta, zo ki gani. Ina ya tsaya?"

Na ɗauka jarrabawa ce. Na goge hannu na zo da sauri, ina jin daɗi. Na ce, "Ya rufe zanen, saura kaɗan ya kai na sama."

Ya ce, "Madalla. Kin ci."

Washegari ya sake kirana. Jibi ma haka. Ina ta murna an mai da ni mutum. Sai da na ga ya zuba kunu a gefen kofi, rabi a ciki rabi a tabarma, sannan na gane ba jarrabawa ba ce. Bayan kwana biyu ya gaida turmi, yana tsammani surukarsa ce a durƙushe.

Na same shi a dakali na ce, "Yaya, idonka."

Bai musa ba. Ya ce ya je asibiti shi kaɗai, likita ya ce ba yanar ido ba ce irin wadda ake cirewa. Ciwo ne da ke cin gani daga gefe-gefe, kamar gara a tabarma, magani kuwa rage masa sauri kawai zai yi. Ya ce, "Hanya na san ta kamar tafin hannuna. Wanga ɗan zanen ne kaɗai ya gagare ni. In yaron nan ya ji, daga bariki zai aiko a karɓe makulli. In aka karɓe makulli, an karɓe gona. In aka karɓe gona, mi ya rage, Auta? In zauna a gindin mangwaro ina kora ƙuda?" Ya kama hannuna. "Ki rantse."

Na rantse. Damina biyu ina zama idonsa a kan geji, shi kuma yana fita kan hanya da idon da babu. Wannan shi ne laifina, na kuma faɗe shi a gaban ɗansa da bakina. Kullum in ya fita, kunnena yana hanya har ya dawo.

Ran nan ya dawo da ƙwauri a goge, madubi ɗaya a karye. Ya ce akuya ce ta gitta masa. Da yamma wata mai sayar da daddawa ta ja ni gefe ta ce, "Mama, wace akuya? Ɗiyar maƙwabciyata ce, ta ɗauko ruwa. Tulun ne ya fashe. Da ta ƙara taku ɗaya, da yanzu wani zancen ake yi."

Na rasa inda zan sa kaina. In na faɗa wa ɗansa, na ci rantsuwa, na kuma yanke wa yayana ƙafa. In na yi shiru, wata rana ba tulu ne zai fashe ba. Sai dabara ta zo mini, irin ta wanda ya san rabin abu. Na ce a raina, ai dokarsa tana nan: in mai bai yi daidai ba, ba ya hawa. To bakin geji yanzu a hannuna yake.

Da safe ya miƙo mini. Mai ya cika zane cif. Na ce, "Bai kai ba, Yaya. Yana can ƙasa."

Na zaci zai jingine mashin ya zauna. Ina! Ya shiga ɗaki ya fito da galan ɗin mai, ya tsiyaya. "Yanzu fa?"

Bakina ya riga ya shiga rami. Na ce, "Da saura." Ya ƙara. Na ga dai ba zai fasa ba, na ce ya isa. Ya tafi gona, ya dawo yana cewa mashin ya yi nauyi yau.

Washegari na sake cewa bai kai ba, ina fatan galan ya ƙare ya haƙura. Ya yi tsaki ya ce, "Wanga inji ya fara shan mai ke nan," ya juye sauran duka. Ni a raina ban ga illa ba. Shekara sittin ina miya, ban taɓa jin wanda ya ce mai ya ɓata ta ba. Na ɗauka in ya yi yawa, daɗi zai ƙara.

Ya tayar. Jama'a, sai hayaƙi! Fari, mai kauri, yana fita ta salansa kamar an sa ɗanyen itace a murhu. Kaji suka watse. Mashin ya yi tari sau uku, ya kai bakin ƙofa, ya mutu. Ya buga, ya buga, shiru.

Ya turo shi kan dakali. Bai kira ni ba. Ya ciro geji ya bi shi da babban yatsa tun daga ƙasa, yana hawa, yana hawa, ya wuce zane, har wuyan murfi duk mai ne. Ya daɗe a durƙushe.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kin ba ni shaidar zur."

"Yaya, ɗiyar mutane..."

"Ban tambaye ki ɗiyar mutane ba! Geji na tambaye ki. Na ba ki idona amana, kin sa mini toka a ciki. Kin san yawansa ma kisa ne? Kin san abin da kika so yi wa injin nan?"

Ni ma raina ya tashi. Na ce, "Injin kake ji, ko? Inji yana da uwa? In ka take yarinya, wa za a kai wa gaisuwa, bakanike?"

Ya ce in tashi daga gabansa. Kwana tara bai yi mini magana ba. In na aika tuwo, ya dawo da shi a rufe. Da lalube ya kwance ƙasan injin ya rage man, da lalube ya wanke fulogi. Mashin ya tashi lafiya. Ni kuwa ina ɗaki ina leƙe ta labule, tsoro a gefe, son sani a gefe. Me zai yi? Mutumin da bai taɓa hawa ba a duba ba, ga shi babu mai duba masa. Zai karya dokar, ko dokar za ta karya shi?

Kowace safiya ya turo mashin, ya goge geji, ya tsoma, ya ciro. Ya gwada da yatsa, yatsa ya share shaidar. Ya ɗaga wajen rana, ya kawo dab da hanci. Sai ya mayar da murfi, ya zauna kan dakali da makulli a hannu har rana ta take. Ciyawa tana can tana cin dawarsa. Kwana tara, ko sau ɗaya bai hau ba.

Rana ta goma ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Auta, na san kina bayan labule. Numfashinki kamar zugazugi. Fito ki duba."

Na fito. Na karɓa. Na duba da kyau. Na ce, "Mai daidai yake, Yaya. Idonka ne bai kai ba. Kuma ba zan ƙara duba maka don ka hau da kanka ba. In ka so ka kore ni daga gidan ubana."

Ya karɓi gejin ya mayar, ya murɗa murfin. Sannan ya ce, "Da haka kika faɗa tun farko, da ba mu yi asarar galan guda ba." Ya juya makullin a tafin hannu. "Kira mini ɗiyata."

Surukarsa yake nufi, matar sojan nan. Ita ce wadda mijinta ya yi wa golmo, shekara bakwai yana noma wa iyayenta kafin a ba shi ita, tun daga ranar da ta shigo gidan kuwa ba ta taɓa haɗa ido da Yaya ba. Daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi. Ta zo ta tsuguna can bakin turmi.

Ya ce, "Matso, ɗiyata, ba cizo nika yi ba. Kina tsoron mashin?"

Ta ce a hankali, "A'a, Baba. Ina hawan na wana kafin aure."

Ya ce, "Shekara nawa kina cikin gidan nan da wanga ilimi a ɓoye!"

Amma mako guda bai bar ta ta tayar da shi ba. Geji kawai. Ta goge, ta tsoma, ta ciro, ta faɗa, ni kuma in duba in gaskata. Ya ce tunda an taɓa cutarsa da shaida ɗaya, yanzu sai biyu.

Ranar da suka fara fita, unguwa ta fito kallo. Ita a gaba, shi a baya, an naɗe buhu an sa a tsakaninsu saboda kunya, ya riƙe ƙarfen baya ya miƙe ƙyam kamar ana fareti. 'Yan kabu-kabu suna ihu, "Baba Soja, an yi maka juyin mulki!" Shi kuwa yana cewa, "Gwiwa ce, 'yan banza. Kai mai jan mashin, ka duba manka yau?" Gwiwa aka gaya wa gari, gwiwa aka gaya wa ɗansa a waya. Ko da yake ganinsa ya ƙarasa tafiya daga baya har kowa ya sani, babu wanda ya san tun yaushe abin ya fara. A hanyarsu ta farko ya sa ta tsaya a kasuwa, ya sayi sabon tulu, suka kai gidan yarinyar nan. Ya ce wa uwarta, "Ni ne akuyar."

Shekara huɗu suka yi haka. Bai rasa damina ko ɗaya ba. Yakan zauna a bakin gona ya shafa ganyen dawa ya faɗi abin da take so.

Da na kai nan a zance, ranar zaman makokin, sai na tuna geji yana hannuna tun ɗazu. Na goge, na tsoma ban murɗa ba, na ciro, na ɗaga sama. Ɗan digo ne kawai a can bakin tsinken, ko zanen ƙasa bai taɓa ba. Mako shida Yaya yana kwance a asibiti, surukarsa tana zirga-zirga da abinci safe da yamma, hankalin kowa ya bar dakali.

Na ce, "Bai kai ba."

Surukar ta ɗago ta kalle ni, ido jawur, sai ga dariya tana neman ƙwace mata. Ta ce, "Gwaggo, kawo in gani." Ta karɓa ta duba. Ta ce, "Wannan karon gaskiya ne."

Wani ɗan kabu-kabu ya leƙo ya ce, "Kai! Oga, da ko rabin hanyar Ribah ba ka kai ba injin zai buga."

Ɗan ya tashi. Ya shiga ɗakin ubansa ya fito da galan, ya durƙusa da kakinsa a kan sumintin. Ya ce, "Gwaggo, nawa zan zuba?" Na ce kaɗan, ka tsaya, mu duba, ka ƙara kaɗan. Sau uku muka yi, har ya hau zane ya tsaya ƙasa da na sama. Ya miƙe, ya dubi makullin, ya dubi matarsa, ya miƙa mata. Ya hau baya. Ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin ya ce, "A kawo buhu?" Gidan makoki ya fashe da dariya, ni kuwa a nan ne kukana ya zo, wanda ya ƙi zuwa tun ranar binnewa.

Ɗan ya koma bariki bayan sati biyu, bai tafi da mashin ba, ko da yake da niyyar haka ya zo. Yanzu in ya kira waya, bayan gaisuwa sai ya ce, "Gwaggo, ina ya tsaya yau?" Surukar ita ke noma gonar bayan dutse, ranar kasuwa kuma tana kai daddawa da gyaɗa har Ribah. Yarinyar tulun ta yi aure bara, tana goyon ɗa namiji, ba ta ko ɗingishi. Makiyayin yakan aiko da nono in shanu sun dawo kusa. Yaya yana kwance kusa da matarsa a gindin dutse, Allah ya ba shi hutawa.

Ni kuma nawa idon ya fara hazo tun bazarar nan. Ban ɓoye ba. Ranar da na kasa raba mai da zane, a take na faɗa, a kan dakalin, da babbar murya. Yanzu surukar ke dubawa, jikata tana gaskatawa, ni kuwa a murza mini a yatsa in sunsuna.

Ga kunnuwanku nan, na mayar.